Daga Kunun Kanwa Zuwa Haɗin Kauri: Tarihin Abin Shan Hunturu a Gyaɗi-Gyaɗi

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta kaɗo daga Sahara, sanyin dare a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. A wannan tsakani babu sana'ar da ke ci a Gyaɗi-Gyaɗi kamar ta mai shayi. Daga Titin Zariya zuwa Kasuwar Tarauni, har tashar Unguwa Uku, da an idar da sallar isha'i benci ya cika, tukunya na tafasa, a gefe kuma an haɗa kirare ana jin ɗumi. Yaran yanzu sun ɗauka haka aka gada kaka da kakanni. Alhali wutar ce tsohuwa, ita da kayan yajin da ke cikin tukunyar. Ganyen shayi da sukari da madarar gwangwani duk daga baya suka zo, kowanne da hanyar da ya biyo.

Kafin shayi, kunu ne maganin sanyin Bahaushe. Akwai kunun kanwa, da kunun tsamiya, da kunun gyaɗa, da koko na safe. Gero ake surfawa a niƙa tare da citta da kanumfari da masoro da barkono, wani lokaci da kimba, a dama da zafinsa. Mai son zaƙi ya sa zuma ko mazarƙwaila. Shi ake miƙa wa mai jego da tsoho, da almajirin da ya kwana karatu a gaban wutar kara a tsangaya. Kayan haɗin ma ba duka na gida ba ne. Kanwa daga ƙasar Barno da Manga ake kawo ta, kimba da masoro daga dazuzzukan kudu, kanumfari kuwa asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, kafin Zanzibar ta zama cibiyar nomansa a ƙarni na 19. Duka a Kasuwar Kurmi suke haɗuwa, kasuwar da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Hanya ta farko da shayi ya biyo ita ce ta raƙuma. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa sukari cikin hajar da ayari ke kawowa daga arewa, tare da takarda da allura da madubi. Kaya ne na masu hali, irin Larabawan Turabulus da Gadamas da ke zaune a cikin birni. A daidai wannan zamani koren shayin ƙasar Sin ya fara yawaita a Maroko. Masana tarihi da dama suna danganta hakan da Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, wanda ya toshe wa 'yan kasuwar Ingila wasu kasuwanninsu, suka karkatar da ganyen zuwa tashoshin ruwan Maroko. Daga nan ya bi ayari ya ratsa hamada, har ya zama abin da Buzaye ba sa rabuwa da shi: 'yar buta, da ƙananan kofunan gilashi, da garwashi, da dahuwa uku, ta fari mai ɗaci, ta ƙarshe mai zaƙi.

Hanya ta biyu ta ƙarfe ce. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru cinikin Sahara ya durƙushe, na gyaɗa ya tashi. Jirgin da ke kwasar gyaɗa zuwa Ikko shi ke dawowa da kayan kanti: baƙin shayi na Indiya da Silon, da sukari mai ƙwaya, da fulawa, da madara. Kamfanoni irin su UAC, wanda aka kafa a 1929, da John Holt, su ne suka baza waɗannan kaya. Sai dai kaya kaɗai ba sa haifar da sana'a, sai an sami mai bukata. Mai bukatar shi ne lebura da ɗan dako da ma'aikacin jirgi da direba, mutumin da ke fita kafin a hura wuta a gida, ko wanda ya baro iyalinsa a ƙauye ya zo cin rani. Shi ne ya raya teburin mai shayi, kuma saboda shi burodi ya sami wurin zama a kan teburin. Madarar Peak ta shigo kasuwar Najeriya a 1954, Bournvita da Milo suka bi sahu, aka sami abin da yau ake kira haɗin kauri.

Gyaɗi-Gyaɗi ta shiga wannan labari ne sa'ad da Kano ta tumbatsa ta fito wajen ganuwa. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, gine-gine suka miƙe ta Titin Zariya da Titin Gidan Zu, gonaki suka koma filotai. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka gina gidaje, gidajen kuma suna son masu gadi. Ana cikin haka fari ya auka wa yankin Sahel a 1973 da 1974, ya sake dawowa a 1984, dabbobi suka ƙare, Buzaye da yawa suka gangaro daga Nijar suka kama aikin gadi a Kano. Da butarsu suka zo. Samarin unguwa da ke zama hira wurin mai gadi a daren sanyi suka koyi ɗaga buta sama a tsiyaya har kumfa ta tashi, shayin ya fita daga ƙofar gida ya shiga majalisa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya ƙara wa yankin wata rayuwar dare: masu jinya da filas a hannu suna neman ruwan zafi, da direbobi, da ma'aikatan kwana.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon, wato shayi, zama ya zo yi, sai dai bisa sharaɗin masu gida. Balarabe da na'ana'a yake sha, Bature da madara, Bakano kuwa kayan kununsa ya kwaso ya zuba a tukunyar: citta, kanumfari, masoro, kimba, ya ƙara da kirfa da lemon tsami. A wasu ƙasashe masu sanyi da barasa ake yin irin wannan haɗi. A nan addini ya hana, don haka yaji ne ya ɗauki aikin ɗumama jiki. Wasu sun zarce har zuwa gadagi, dafaffen haɗin ganyaye da saiwoyi da 'yan acaba da leburori suka riƙa sha don ƙarin kuzari, wanda masana lafiya ke gargaɗi a kan yawan shansa.

Sauran abubuwan da ke kan teburin duk na baya-bayan nan ne. Madarar gari ta ƙaramar leda ta bazu ne bayan da Cowbell ta fito da ita a 1993, abin da ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya shan shayi da madara. Indomie kuwa sai da aka fara yin ta a Ota a tsakiyar shekarun 1990 sannan ta sami gurbi kusa da kaskon wainar ƙwai.

Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta nuna abin da ke ginshiƙi a wannan kofi. Da madara da Bournvita suka yi tsada, mutane sun haƙura da kauri sun koma ruwan bunu. Amma da cuta ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a daminar shekarar, farashinta ya yi tashin gwauron zabo, masu shayi ba su daina sawa ba, sai dai su rage, domin tukunyar da ba ta yaji ba ta tara jama'a a hunturu. Yau ana noman ganyen shayi a Kakara da ke tsaunin Mambila, ana yin sukari a Numan, citta na Kaciya, nono na rugagen da ke kewaye da Kano. Yawancin abin da mai shayin Gyaɗi-Gyaɗi ke bukata, ƙasar nan tana iya samar da shi, idan masu jari da hukuma suka mai da hankali.