Rigimar Tarayya da Shari'ar Alhaji Amadu Baba

A fitowar nan ina so mu waiwayi wani labari da ya faru a zangon Kumasi. Yaran da ke karatu a wurina sun san sunan Alhaji Amadu Baba, amma da na tambaye su yadda aka yi ya bar ƙasar nan, ba wanda ya iya ba ni amsa. Labarin kuwa ba ya fahimtuwa sai an san yadda ake raba ikon mulki, saboda haka daga nan za mu fara.

Masu ilmin siyasa sun kasa aikin gwamnati uku. Akwai masu yin doka, watau majalisa. Akwai masu zartar da ita, watau shugaba da ministocinsa. Akwai masu yanke hukunci da ita, watau alƙalai. Wani malamin Faransa, Montesquieu, ya bayyana a littafinsa na 1748 cewa in ukun nan suka taru a hannu guda, talaka ba shi da mafaka. Mu wannan ba baƙon zance ba ne gare mu. An ruwaito cewa Sayyidina Ali, yana Halifa, ya kai ƙara gaban Alƙali Shuraihu a kan sulkensa, alƙali ya ƙi karɓar shaidar ɗansa, hukunci ya faɗa kan Halifa, ya kuwa karɓa.

Mutanen Amurka, da suka rubuta tsarin mulkinsu a Filadelfiya cikin 1787, sai suka ƙara wani rabon a kan wannan. Suka raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi, kowa da abin da ya shafe shi. Wannan shi ake kira tarayya. Ke nan rabo iri biyu ne, ɗaya tsakanin rassa uku, ɗaya tsakanin tsakiya da jihohi. Mai raba gardama cikinsu duka ita ce kotu, tun daga 1803 da Kotun Ƙolinsu ta nuna tana da ikon ƙin aiki da dokar da ta saɓa wa tsarin mulki.

To, a nan ƙasar, tun ana ce da ita Gold Coast, rabo na biyun nan aka yi ta faɗa a kansa. Cikin 1954 gwamnatin Kwame Nkrumah ta tsai da kuɗin koko sule 72 kowane lodi, alhali kuwa yana tsada ƙwarai a kasuwar duniya. Tonawa, waɗanda su ne manyan manoman koko, suka ce ana kwasar guminsu ana kai wa Ankara. A watan Satumba na shekarar aka kafa jam'iyyar NLM a Kumasi, Baffour Akoto, babban mai magana da yawun Sarkin Asanti, shi ne shugabanta, abin da suke nema kuwa tarayya. Jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ƙarfinta yake cikin zangonni, ta bi bayansu. Amadu Baba na cikin manyanta a Kumasi. Kada a ɗauka zango duka ya bi shi. Akwai 'yan CPP da yawa cikinmu, har gida ɗaya sai ka ga ya rabu biyu.

Ingila ta aiko Sir Frederick Bourne cikin 1955 ya duba al'amarin. Ya ba da shawara a yi majalisun jihohi masu ɗan iko, amma ba tarayya sosai ba. Aka yi zaɓe a Yuli 1956, CPP ta ci kujera 71 cikin 104. Saboda haka tsarin mulkin da aka karɓi 'yanci da shi ran 6 ga Maris 1957 bai zama na tarayya ba, sai dai an sa majalisun jihohi a ciki don a kwantar wa 'yan hamayya da rai. Ba su yi tsawon kwana ba. 'Yan hamayya suka ƙaurace wa zaɓensu a 1958, CPP ta cika su, cikin 1959 aka soke su.

A ganina kakanninmu sun zuba ido ƙwarai kan maganar tarayya har suka yi sakaci da rabo na farko, shi ne kuwa ya fara cizonsu.

Ƙasa ba ta cika wata biyar da samun 'yanci ba, majalisa ta yi dokar korar baƙi waɗanda gwamnati ta ga zamansu ba alheri ba ne. A ƙarshen Yuli 1957 aka ba da umurnin korar Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, shi ma jigo ne a MAP, aka ce ba 'yan ƙasa ba ne. Su kuwa suka kai ƙara babbar kotu a Kumasi, suka ce a nan aka haife su, dokar baƙi ba ta hau kansu ba. Ku lura da kyau: tambayar da ke gaban alƙali guda ce, su 'yan Gana ne ko kuwa a'a? Tambaya ce ta shaidu da hujja, aikin alƙali tsantsa. Amma kafin ya amsa, cikin watan Agusta sai gwamnati ta koma majalisa ta kawo wata doka ta musamman, mai ɗauke da sunayen mutanen nan biyu a kanta. Dokar ta ba minista ikon korarsu ko da su 'yan ƙasa ne, ta kuma yanke shari'ar da ake cikin yi. Aka sa su jirgin sama aka kai su Najeriya. Da aka ƙalubalanci dokar, kotu ta ce majalisa tana da ikon yin ta.

Abin ya yi sauƙi haka domin tsarin da muka gada daga Ingila ya sa ministoci cikin majalisa suke zaune, masu rinjayen majalisa kuwa mutanensu ne. Mai zartarwa da mai yin doka sun zama ɗaya, suka haɗu suka ture na uku. Ko da an ba Asanti tarayya, ba na jin za ta ceci Amadu Baba, don maganar ɗan ƙasa da baƙo a hannun gwamnatin tsakiya take a Amurka ma. Kotu mai ikon ce wa majalisa a'a, ita ce aka rasa.

Abin da aka gwada a kan mutanen zango bai tsaya kansu ba. Cikin 1958 aka yi dokar tsare mutum har shekara biyar ba shari'a. Baffour Akoto da kansa ya shiga hannu. Lauyansa J. B. Danquah ya kai magana Kotun Ƙoli, cikin 1961 ta ce alkawarin kiyaye 'yancin jama'a da Shugaba ya ɗauka ba abin da kotu za ta tilasta ba ne. Danquah a kurkukun Nsawam ya rasu, 1965. Alƙalin Alƙalai Sir Arku Korsah, wanda ya shugabanci wannan hukunci, shi ma abin ya zo kansa. A Disamba 1963 kotunsa ta sallami Tawia Adamafio da Ako Adjei da Cofie Crabbe daga tuhumar da ta biyo bayan bam ɗin Kulungugu, cikin 'yan kwanaki Nkrumah ya tuɓe shi. Aka soke hukuncin aka sake shari'a, a Janairu 1964 kuma ƙuri'ar raba gardama ta ba Shugaba ikon cire alƙalan manyan kotuna yadda ya ga dama.

Tsarin mulkin 1992 bai mai da Gana tarayya ba, kuma ya ce a ɗauko mafi yawan ministoci daga cikin 'yan majalisa, ke nan rassan nan biyu ba su gama rabuwa ba. Amma sashe na 2 ya ba mutum damar kai ƙara Kotun Ƙoli a kan dokar da ta saɓa wa tsarin mulki, sashe na 107 kuma ya hana majalisa yin dokar da za ta canja hukuncin kotu tsakanin masu shari'a. Samarinmu masu karatun boko, ku nemo sassan nan biyu ku karanta wa dattawa ranar taron wata.