Zumunci a Ƙafa Yake: Tarihin Dubiya a Tsakanin Kiristocin Ƙasar Kazaure

Idan aka tashi ba da tarihin mishan a ƙasar Hausa, abin da aka fi ambato shi ne gine-gine da sunayen Turawa. Ni kuwa a yau ina so in jawo hankalinmu ga mutanen da ba su da albashi, ba su da muƙami a coci, amma su ne ke zama a gefen tabarmar majinyaci bayan likita ya tafi gida.

Bari mu fara da asali. Ƙungiyar SIM ta samo tushe ne a 1893, lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan. Biyun farko sun rasu a 1894. Ko bayan Turawa sun ci ƙasar, gwamnati ta daɗe tana taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulmi. Ƙofar da ta buɗe musu daga baya ita ce ta jinya. A shekarun 1930 suka karɓi kula da kutare tare da En'e a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, sannan a 1943 suka buɗe asibitin ido na Kano. A ƙasar Kazaure, wadda a lokacin tana cikin Lardin Kano, sun yi tasha a Roni, inda suka kafa makarantar yara maza.

To, a nan ne batunmu ya taso. Kuturta cuta ce mai raba mutum da danginsa, kuma kafin zuwan ƙwayar dapsone jinyarta takan ci shekaru. Turawan mishan 'yan ƙalilan ne, ba za su iya zama da kowa ba. Sai ya zama dole a koya wa 'yan ƙasa, har da waɗanda suka warke, wankin gyambo da ɗaure shi da kuma karatu. Wanda ya sha ciwo ya san inda yake wa ɗan'uwansa zafi, saboda haka lallashinsa ya fi shiga. Magani ya ci gaba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna a 1981, amma ƙyamar da ake nuna wa kuturu ba ƙwaya ce ke kawar da ita ba.

A 1954 aka kafa cocin ECWA, ragamar ta fara komawa hannun 'yan ƙasa, kuma a shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa. Gini ya canja hannu, amma dubiya ta zauna a hannun jama'a, musamman ƙungiyar Zumuntar Mata. A taronsu ake koya wa juna karatun Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga da Hausa tun 1932, a kuma raba aiki: wannan ta je gidan mai jego, waccan ta leƙa wadda mijinta ya rasu. Ai dama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura, inda Kiristoci tsiraru ne, irin wannan ziyara kan tsaya wa baƙon ma'aikaci a madadin dangin da ya baro gida.

Kada mu ɗauka baƙon abu ne. Bahaushe, Musulmi ko Kirista, ya san dubiya da barka da zaman makoki. Sai dai al'adarmu ta taro ce: gida ya cika a kwanakin farko, bayan haka kowa ya watse, a bar mai rashi da tunaninsa.

Wannan giɓi ne wani fasto kuma masanin halayyar ɗan Adam, Kenneth Haugk, ya lura da shi a birnin St. Louis na Amurka. A 1975 ya horar da mutum tara daga cikin masu ibada, daga nan ƙungiyar Stephen Ministries ta samo asali. Ta ari sunan Istifanas, ɗaya daga cikin mutum bakwai da aka zaɓa don hidimar matan da mazansu suka rasu, kamar yadda sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta nuna. Tsarinta shi ne horo na awa 50, sannan a haɗa mutum ɗaya da mutum ɗaya, namiji da namiji, mace da mace, su riƙa ganawa kamar awa guda kowane mako, bisa sharaɗin riƙe sirri.

Abin da aka tsara a can, iyayenmu sun yi shi da ƙafa ba tare da takardar shaida ba. Abin da za mu ƙara shi ne koyon sauraro, da kame baki daga yaɗa sirrin gida, da sanin lokacin da ya kamata a kai mutum wurin likita. Ku da za ku riƙe ofisoshin lafiya da na jin daɗin jama'a a Jihar Jigawa, ku tambayi kanku: wa zai koma gidan makoki a wata na uku?