Juriyar Zuciya a Fagen Wasanni

Juriyar zuciya ita ce ƙarfin da ɗan wasa ke da shi na farfaɗowa bayan shan kaye, jin rauni ko matsin lamba. Masana halayyar ɗan Adam na ganin horo da goyon bayan makusanta ne ke gina ta.

A wasannin mutum ɗaya, nauyin nasara da faɗuwa duk yana wuyan ɗan wasa. A 2021 Simone Biles ta Amurka ta janye daga wasu gasanni a Olamfik ɗin Tokyo saboda lafiyar ƙwaƙwalwarta. Ta dawo ta lashe lambobin zinare 3 a Paris a 2024.

A wasannin ƙungiya kuwa, abokan wasa kan rage raɗaɗi, amma kuskuren mutum guda kan jawo masa fushin magoya baya. Bukayo Saka na Ingila ya sha zagin wariyar launin fata bayan ya ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe na Kofin Turai a 2021. A 2024 ya sake bugawa a karawa da Switzerland, ya ci.

Saboda haka gina juriya nauyi ne da ya rataya a wuyan masu horarwa da hukumomin wasanni tare da ɗan wasan.