Doka, Ma'auni da Kotu: Nazarin Yaƙi da Gurɓatar Iska a Paris da Liyon

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi dokoki da hukumomin da Faransa ta kafa don kare tsabtar iska, ta hanyar duba biranen Paris da Liyon. An dogara da dokokin ƙasar da hukuncin kotuna daga 1996 zuwa 2025. Abin da nazarin ya gano shi ne dokar ta daɗe a takarda, ba ta fara aiki sosai ba sai da aka haɗa ta da ma'aunin da gwamnati ba za ta iya ɓoyewa ba, da kuma kotun da ke iya cin gwamnati tara.

Tushen doka

Tun a 1810, zamanin Napoleon, Faransa ta yi dokar da ta kasa masana'antu gida uku gwargwadon warinsu da cutarwarsu. An yi wata a 1961, sannan ta 1976 wadda ta shafi manyan masana'antu. Amma ginshiƙin tsarin yau shi ne dokar 30 ga Disamba 1996, wadda aka fi sani da sunan ministar muhalli ta lokacin, Corinne Lepage. Dokar ce ta amince cewa kowane mutum yana da haƙƙin shaƙar iskar da ba za ta cutar da lafiyarsa ba. Ta wajabta auna iska da sanar da jama'a sakamakon, ta kuma ɗora wa wakilin gwamnatin tsakiya a yanki alhakin tsara shirin kare iska a duk birnin da mazaunansa suka haura 250,000.

Masu auna iska

A nan ne, a ganina, hikimar tsarin take. Ba a bar aikin aunawa a hannun ma'aikatar gwamnati kaɗai ba. An miƙa shi ga ƙungiyoyi masu lasisin gwamnati, irin su Airparif da aka kafa a 1979 don yankin Paris, da Atmo Auvergne-Rhône-Alpes mai kula da Liyon. Ɓangarori huɗu ne ke zama a majalisar kowacce: gwamnatin tsakiya, ƙananan hukumomi, masu masana'antu da sufuri, sai ƙungiyoyin muhalli da masana. Mai fitar da hayaƙi da mai shaƙarsa suna kallon lamba ɗaya, don haka da wuya wani ya murɗe ta. Ana kuma wallafa sakamakon kullum a intanet, duk mai so ya duba.

Lambobin ba su yi wa gwamnati daɗi ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ce daga 2010 iskar nitrojin dayoksaid, wadda galibi injin dizal ke fitarwa, kada matsakaicinta na shekara ya wuce maikirogiram 40 a kowace mita kubik. Na'urorin da ke gefen babbar hanyar da ta kewaye Paris, mai tsawon kilomita 35, sun yi shekaru suna nuna abin da ya zarce haka. A Liyon ma haka ne a gefen manyan hanyoyi. A bakin ramin motoci na Croix-Rousse akwai makarantar firamare ta Michel-Servet, inda aka rufe wani ɓangare na filin wasan yara saboda hayaƙin da ke fitowa daga ramin. Hukumar lafiya ta Santé publique France ta ƙiyasta a 2021 cewa ƙananan ɓurɓushin da ake kira PM2.5 suna da hannu a mutuwar mutum kusan 40,000 duk shekara a ƙasar.

Gaban alƙali

Da lambobin na'urorin auna iska ƙungiyar muhalli ta Les Amis de la Terre ta kai ƙara kotun ƙoli ta harkokin mulki, wato Conseil d'État. A 12 ga Yuli 2017 kotun ta umarci gwamnati ta sauko da gurɓatar ƙasa da iyaka cikin gaggawa. Aka yi ta jan ƙafa. A Oktoba 2019 kotun Tarayyar Turai ita ma ta sami Faransa da laifi. A Yuli 2020 sai Conseil d'État ta sanya tarar yuro miliyan 10 a kan kowane wata shida na jinkiri. Ta yanke miliyan 10 a Agusta 2021, miliyan 20 a Oktoba 2022, sannan wani miliyan 10 a Nuwamba 2023, lokacin da Paris da Liyon kaɗai suka rage a saman iyaka.

Inda kuɗin ya tafi abin lura ne. Da an mayar da shi baitulmali, da tamkar cire kuɗi ne daga aljihun dama a zuba a na hagu. Sai kotun ta raba shi ga hukumomin muhalli da lafiya irin su ADEME da Ineris da Anses, har da Airparif da Atmo, wato masu auna iskar da aka kafa hujja da alƙalumansu. A Afrilu 2025 kotun ta yanke cewa gwamnati ta aiwatar da hukuncin 2017, ta dakatar da tarar.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Babban makamin da aka yi amfani da shi a biranen biyu shi ne yankin taƙaita motoci masu hayaƙi, wanda dokokin 2019 da 2021 suka wajabta. Kowace mota tana ɗauke da 'yar takarda mai zagaye a gilashin gaba, Crit'Air: kore ta mai lantarki, ruwan toka mai lamba 5 ta tsohuwar dizal. Daga 1 ga Janairu 2025 aka taƙaita shigar masu lamba 3, wato dizal ta 2006 zuwa 2010 da mai fetur ta 1997 zuwa 2005.

Masu irin waɗannan motoci yawanci ma'aikata ne masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a unguwannin bayan gari, waɗanda ba su da halin sayen sabuwa. Kuma sau da yawa gidajensu ne ke gefen hanyoyin da hayaƙin ya fi yawa. Na yi imani cewa jinkirin tanadar musu tallafi da isassun jiragen ƙasa da motocin haya shi ya raunana matakin, har Majalisar Dokokin ƙasar ta kaɗa ƙuri'ar soke yankunan a Mayu 2025.

Mai karatu a Kano zai tuna da hayaƙin adaidaita sahu da na janareto lokacin da hazon hunturu ya danne gari. Najeriya tana da hukumar muhalli ta NESREA tun 2007, ta kuma fitar da ƙa'idojin tsabtar iska a 2014. Tambayar da ta dace masu bincikenmu su bi ita ce ko ɗan ƙasa zai iya samun lambar da zai kai gaban alƙali.

Ita kanta Faransa da sauran aiki a gabanta. Sabuwar dokar Turai ta 2024 ta rage iyakar nitrojin dayoksaid zuwa 20 daga 2030, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2021 ta ba da shawarar 10.