Ƙabilun Adibasi da Tawayen Naksal a Indiya

A Indiya akwai ƙabilun da ake kira Adibasi, wato mazaunan asali. Ƙidayar 2011 ta nuna sun kai miliyan 104, kashi 8.6 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Galibinsu suna zaune ne a dazuzzukan tsakiya da gabashin ƙasar, kuma da daji suka dogara wajen ci da sha.

Matsalarsu ta samo asali tun zamanin mulkin Ingila. Dokokin gandun daji na 1878 da 1927 sun mayar da daji mallakar gwamnati. Sai ga mutum ya zama mai laifi a ƙasar kakanninsa don ya saro itace ko ya yi kiwo. Bayan samun 'yanci a 1947, aka riƙa tashinsu domin gina madatsun ruwa da haƙar ma'adinai, masu ba da bashi da ruwa kuma suna ƙwace musu gonaki.

A 1967 manoman yankin Naksalbari, a jihar Bengal ta Yamma, suka yi bore. Da yawansu 'yan ƙabilar Santal ne, jagororinsu kuwa 'yan kwaminis ne mabiya aƙidar Mao, irin su Charu Majumdar da Kanu Sanyal. Daga sunan wurin aka samo kalmar Naksal. An murƙushe boren, Majumdar ya rasu a hannun 'yan sanda a 1972, amma wutar ba ta mutu ba.

A shekarun 1980 'yan tawayen suka shiga dazuzzukan Bastar, a tsakiyar ƙasar. Sun tilasta wa 'yan kwangila ƙara kuɗin ganyen tendu da ake naɗe taba da shi, sun kuma hana ma'aikatan gandun daji cin zali. Da haka suka samu mayaƙa daga mutanen da hukuma ta manta da su.

Sai dai Adibasi sun shiga halin gaba kura baya siyaki. 'Yan tawaye na kashe wanda suka zarga da tsegumi, 'yan sa-kai na Salwa Judum, waɗanda aka kafa a 2005 da goyon bayan gwamnatin jihar Chhattisgarh, na ƙona ƙauyuka, har Kotun Ƙoli ta haramta su a 2011.

A 2025 jami'an tsaro sun kashe shugaban 'yan tawayen, Basavaraju, mayaƙa da yawa kuma suka ajiye makamai. Amma tushen rikicin shi ne ƙasa. Dokar 2006 ta amince da haƙƙin Adibasi a kan daji, kuma ɗorewar zaman lafiya ta rataya ga aiwatar da ita.