Zaman Lafiya a Bayan Ganuwa: Nishaɗin Soja a Sansanin Fort Monroe

Masu rubuta tarihin soja sun fi mayar da hankali kan ranakun gumurzu, alhali mafi yawan rayuwar soja a zaman jira take ƙarewa. Wannan ya fi bayyana a sansanonin gaɓar teku, inda a da ake girke manyan igwogi domin abokin gaba da sau da yawa ba ya zuwa. Hujjar wannan maƙala ita ce, a irin waɗannan wurare nishaɗi wani sashe ne na tsaro, domin babbar barazana ga runduna a lokacin zaman lafiya ita ce zaman kashe wando da abin da yake haifarwa. Sansanin Fort Monroe na jihar Virginia a Amurka ya isa misali.

An fara gina shi a 1819, aka kammala a 1834, bisa tsarin injiniyan Faransa Simon Bernard, a bakin mashigin ruwa na Hampton Roads. Ganuwar dutse ce mai gwalalo cike da ruwa, kuma babu wadda ta kai ta girma cikin ire-irenta a Amurka. Tun 1824 aka buɗe makarantar koyon harba igwa a cikinta. Rayuwar kurtu a nan begila ce ke tafiyar da ita: tashin asuba, kiran suna, fareti, atisaye, gadi, sai goge igwa da shafa mata mai, domin iskar teku mai gishiri ba ta barin ƙarfe ya huta da tsatsa. Harbi na gaske kuwa jefi-jefi ake yi, saboda tsadar harsashi. Marubuci Edgar Allan Poe ya ɗanɗana wannan rayuwa a nan daga 1828 zuwa 1829, har ya kai muƙamin samanja, sannan ya nemi hanyar barin aikin.

Illar irin wannan zama ba ɓoyayya ba ce ga hukuma. A 1832 aka soke rabon barasa da ake yi wa sojoji, aka maye gurbinsa da kofi da sukari, amma shaye-shaye bai gushe ba. Albashin kurtu dala 13 ne a wata tun daga 1871 har zuwa 1908, lokacin da aka ɗaga shi zuwa dala 15. A shekarar 1871 da aka rage albashin, kusan kashi ɗaya cikin uku na sojojin Amurka sun gudu daga aiki. Mutumin da albashinsa kaɗan ne, aikinsa maimaici ne, iyalinsa na nesa, ba abin mamaki ba ne idan ranar biya ta kai shi mashayun garin Phoebus da ke ƙetaren ruwa.

Martanin hukumar soja shi ne ta jawo nishaɗin cikin bariki. Daga 1889 aka ba da izinin buɗe kantin soja, inda ake sayar da giya maras ƙarfi da abinci, ga ɗakin karatu da teburan wasa. Ribar kantin tana komawa ga sojojin, a inganta abincinsu, a sayi kayan wasanni. Wasan besbol ya samu karɓuwa ƙwarai, rukuni na karawa da rukuni a filin fareti. A 1903 ƙungiyar matasa Kirista ta YMCA ta samu gini nata a sansanin da kuɗin attajira Helen Gould. Akwai kuma ƙungiyar badujala da majami'ar da aka gina a 1858.

Sai dai nishaɗin ba ɗaya ba ne ga kowa. A wancan zamani hafsoshi suna da kulob ɗinsu a ɗakunan da ke cikin kaurin ganuwa, kuma ƙofar manyan otal biyu na bakin ruwa, Hygeia da Chamberlin, a buɗe take gare su. Masu hannu da shuni kan zo hutu daga biranen arewa, a yi raye-raye da liyafa, su kalli fareti da yamma. Kurtu kuwa nasa shi ne ya yi maci a kalla. Saboda haka tsarin hutun ma yana ƙarfafa tazarar da ke tsakanin mai ba da umarni da mai karɓa.

Akwai masu ganin cewa duk wannan sangarta soja ne, musamman sayar masa da giya da hannun gwamnati. Ƙungiyoyin yaƙi da shan barasa sun matsa lamba har majalisar dokoki ta haramta sayar da giya a barikoki a 1901. Manufarsu kyakkyawa ce, domin barasa ta lalata sojoji da dama. Amma hafsoshi da yawa sun yi ta kokawa a rahotanninsu cewa dokar ba ta hana sha ba, ta dai mayar da shi wajen bariki inda babu mai sa ido, kuma kantin ya rasa wani kaso na kuɗin shigarsa. Darasin a nan bai tsaya kan giya ba: hani kaɗai ba ya cike sa'o'in da mutum ba shi da abin yi, sai an tanadi abin da zai maye gurbin abin da aka hana.

An rushe rundunar igwogin gaɓar teku a 1950, bayan jiragen sama da makamai na zamani sun sa aikinta ya zama tsohon yayi, sannan sojoji suka bar Fort Monroe a 2011. A tsawon tarihinsa abokan gaba ba su taɓa ƙwace shi ba, ko a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Duk mai nazarin yadda aka riƙe runduna a shirye tsawon waɗannan shekaru, wajibi ne ya ba filin wasa da ɗakin karatu da kanti muhimmancin da yake ba igwa da ganuwa.