Yadda wutar lantarki ta wanke mai wabi

A ƙasar Arewa, daga Matankari har zuwa Tibiri, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe da sanin yaron da ke kwana kuka saboda ciwon ƙashi, idanunsa su yi ɗorawa, hannuwa da ƙafafu su kumbura, musamman idan hunturu ya kama. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ɗora wa iskoki. Idan kuwa ƴaƴan mace ɗaya suka riƙa rasuwa bi da bi, sai a kira ta mai wabi, nauyin ya faɗa kanta ita kaɗai, wani lokaci har ya ci aurenta. Wabi yana da dalilai da dama, amma ɗaya daga cikinsu shi ne amosanin jini, wanda ake kira emasi a Nijar, sikila a Najeriya. Dabarar da ta tona asirin wannan ciwo ita ce rarrabe sinadaran jini da wutar lantarki, wadda likitoci ke kira elektiroforez.

Tun a 1910 wani likitan birnin Shikago, James Herrick, ya ba da labarin jajayen ƙwayoyin jini masu lanƙwasa kamar lauje, waɗanda aka gani a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. An ga siffar, amma aka shekara kusan 40 ba a san abin da ke lanƙwasa su ba. Makamin binciken ya fito ne daga ƙasar Suwidin, inda Arne Tiselius ya kammala na'urarsa a 1937, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1948. Hikimar ta yi kama da sheƙar hatsi: yadda iska ke raba tsaba da ƙaiƙayi, haka lantarki ke raba sinadarai. Kowane sinadari yana ɗauke da nasa cajin, saboda haka idan aka saki wuta cikin ruwan da yake ciki, wani zai yi sauri, wani ya yi nawa, har su rabu sahu-sahu.

A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Kaliforniya suka gwada wannan na'ura a kan hemogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, yake kuma ɗaukar iskar numfashi. Sai suka ga na mai ciwon ba ya tafiya daidai da na mai lafiya. Suka kuma ga cewa akwai mutanen da ba sa jinya, amma jininsu yana ɗauke da iri biyun. A wannan shekarar ce James Neel ya tabbatar da cewa yaro ba ya kamuwa sai ya gaji irin daga uwa da uba duka. A 1957 Vernon Ingram, a Ingila, ya gano cewa bambancin bai wuce ƙwaya ɗaya ba cikin ƙwayoyi 146 da ke jere a sarƙar sinadarin. Wannan ƙwaya ɗaya ce ke rage masa caji, shi ya sa yake zama baya a tseren.

Me ya sa irin ya yawaita a ƙasashenmu? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954, bayan bincikensa a gabashin Afirka: mai ɗauke da rabin gadon yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya tsirar da kakanni a bakin fadamu shi ne ya zama jarrabawa ga wasu jikoki.

Na'urar Tiselius babba ce, mai tsada. Sai da Joachim Kohn ya fito da wani siririn faifai a 1957 gwajin ya yi sauƙin da zai shiga ƙananan asibitoci. Ana ɗiga jini a gefe, a kunna wuta, sai layuka su bayyana: A a gaba, S a bayansa, C can baya. Tsohon gwajin Emmel yana nuna akwai S ne kawai; wannan kuwa yana bambanta AS da SS. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

Hukumomi sun biyo baya a hankali. A 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 19 ga Yuni ta zama ranar wannan ciwo. A 2010 aka buɗe cibiyar ƙasa ta kula da masu emasi a Yamai, mai nisan kilomita kusan 270 daga Dogon Dutsi. A 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure.

A ƙasar da auren zumunci ke da daraja, inda dangi biyu kan haɗa kaka ɗaya, wannan sani yana da nauyi. Gwajin ba ya warkarwa, ba ya kuma yanke wa kowa hukunci. Yana dai nuna cewa gadon na mutum biyu ne, kuma ana iya saninsa tun kafin a kai goro. Isar da wannan bayani ga iyaye, cikin harshen da suke ji, aiki ne da ya rataya a wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu, kamar yadda ya rataya a wuyan ma'aikatan lafiya.